Yadda Na Kusa Kayar da Benen 'Yata a Abuja

Kafin wani ya riga ni, gara in faɗa da bakina: a wannan tafiya an yi wawa guda ɗaya, kuma ni ne. Na san wasunku sun riga sun ji labarin daga bakin mai ɗakina, to ita takan ƙara gishiri. Ga yadda abin ya faru daga bakin mai shi.

Ga wanda bai san ni ba, shekara arba'in ke nan ina ɗaukar hoto a Zariya. Boko aji huɗu na yi. Malamin lissafi ya ga ba zan ƙaru da shi ba, ni ma na ga ba zai ƙaru da ni ba, muka rabu lafiya. 'Yata ta fari kuwa, wadda ba na kiran sunanta sai dai in ce Uwata, ta yi karatun zanen gine-gine. Da gwamnati ta fara tattara nata ya nata tana baro Ikko, sai aka sa ta cikin masu aikin wani bene mai hawa bakwai a Abuja. Shi ne aiki na farko da sunanta ya hau takarda. Ranar Alhamis manyan ma'aikatarsu za su zo dubawa, ana son babban hoton ginin a bango kafin su iso. Ofishin na da mai hotonsa, amma ta roƙi ogansu ya bari ubanta ya ɗauka, ta ce ta tsaya mini. Da ƙyar ya yarda.

Ranar Litinin muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da mai ɗakina. Ita ta riƙe ƙullin kuka da daddawa, ni na rungume kyamarata, tsohuwar akwati mai ido biyu wadda ake leƙawa ta sama. Fim ɗinta babba ne mai faɗi, ba siririn nan na 'yan biki ba, kowane naɗi hoto goma sha biyu. Naɗi uku na tafi da shi, da magungunan wankin hoto a gorar man gyaɗa. Direbanmu daga tashar Kawo mutum ne mai tsoron Allah, don duk ramin da ya faɗa sai ya yi salati, bai dai taɓa tunanin kauce masa ba.

A Tafa muka tsaya cin abinci. Sakwara da miyar agushi, ba laifi, amma kuɗin kwano ɗaya zai ciyar da mu biyu a Tudun Wada har a yi sadaka. Na yi wa mai abincin ƙorafi, ta ce tunda mutanen gwamnati suka fara wucewa, doya ma ta gane matsayinta. Daga nan muka wuce ta gaban Dutsen Zuma, yana tsaye abinsa, hadari ya ɗaura masa rawani. Hannuna ya kai kan kyamara, mai ɗakina ta buge shi, ta ce fim ɗin na yarinya ne.

A Zuba na ga ƙaurar gwamnati da idona. Manyan motoci a jere, maƙil da kabad-kabad na ƙarfe, da kujeru ƙafafu a sama, da fayil-fayil an ɗaure da igiya kamar dammunan dawa. A kan wata motar wani akawu na zaune, da taye a wuya, ya rungume agogon bango yana gyangyaɗi. Na ce ashe gwamnati ma in za ta tashi, kamar kowa take tashi, sai ta nemi igiya.

Uwata a Kubwa take zaune. Gidajen nan duk uwa ɗaya uba ɗaya ne, fenti ɗaya, ƙofa ɗaya, jan taɓo ɗaya. Na fita alwala na dawo na yi sallama a gidan wani mutumin Kalaba. Da safe kuma garin gaba ɗaya yake ɗurawa cikin bas ya nufi birni, ba ya dawowa sai magariba.

Talata muka bi su. Titunan Abuja faɗi kamar filin Idi, amma babu ko mai goro da za ka tambaya hanya. Matan Gwari na tafe a gefe da itace a kafaɗa, ba su ko kallon benayen. Uwata ta sa hular kwano ta nuna mini nata, fari, dogo, tagogi a jere. Na kau da kai gefe, don kada leburori su ga dattijo yana share ido. Ta haɗa ni da mai hoton ofishinsu, ta wuce wurin aikinta.

Mutumin tsoho ne kamata, Bayarabe, wata uku da baro Ikko. Na zaci zai sha mini kunu tunda na karɓe masa aiki, sai ya buɗe jaka ya ce, "Alaji, ka yi aiki da wannan. Shi ne na gini." Kyamara ce mai cin irin fim ɗina, amma idon da ke gabanta ya goce sama, ya bar tsakiya, ga wasu 'yan maɓallai a gefe. Nan take na gane abin da ya faru, don ni mutum ne mai saurin ganewa: an jefa ta a motar kaya ta bugu. Tausayinsa ya kama ni. Na ce akwai wani mai gyaran agogo a Sabon Gari, in ya ba ni in tafi da ita zai daidaita masa. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To, Alaji," ya mayar da kayansa jaka.

Na kafa tawa a kan ƙafa uku. Na ja da baya, na ƙara ja, har dugadugaina suka kai bakin kwalbati, amma benen ya ƙi shiga, hawa huɗu kawai nake gani. Sai na yi abin da kowane mai hankali zai yi, na ɗaga kan kyamara sama har rufin ya shigo. Na durƙusa, na kwanta, na ɓata babbar rigata da taɓo. Naɗi biyu na ƙarar, ina jin daɗin kaina.

Kafin azahar na koma Kubwa, na toshe tagar banɗaki da barguna biyu, na wanke fim. Da ya bushe na ɗaga dodon hoton a hasken ƙofa na duba. Benen ya yi faɗi a ƙasa, ya tsuke a sama kamar rumbu, kuma ya kwanta baya kamar mai ƙin shan magani. Na duba na biyu, haka. Duk ashirin da huɗun, haka.

Ku ji lissafin ɗan aji huɗu. Na ce ido yana ruɗuwa, amma kyamara ba ta san kowa ba, shekara arba'in ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Saboda haka gini ne ya karkace. Kuma bayin Allah za su shiga su zauna. Na kasa faɗa wa Uwata da ta dawo, don ta shigo da murna da tsire a takarda. Na ƙudurta zan je in yi wa shugaban leburori magana a asirce, a tokare abin kafin manya su zo. Har yau ban san da me na zaci ake tokare bene mai hawa bakwai ba.

Laraba da sassafe na same shi, na ja shi gefe na nuna masa. Ashe asiri a wurin gini ba ya wuce minti biyu. Ya kira wani, wani ya kira wani, kafin in ankara masu fenti na sauka daga kan katako da gudu, mai sayar da ƙosai ta kwashe kaskonta ta koma tsallaken titi. Aka aika a kira oga. Ya iso, Uwata na bayansa. Aka hau can sama aka sako igiya mai dalma a baki, a kusurwa ta farko, da ta biyu, har huɗu. Igiya ta bi bango tiryan-tiryan, ko yatsa ba zai shiga tsakani ba.

Oga ya yi wa Uwata magana da Turanci. Ban ji duka ba, amma fuska ba ta buƙatar tafinta. Daga baya na ji abin da ya ce: in gobe da safe babu hoto a bango, kada ta ƙara kawo masa shawara, kuma aikin gaba wani zai ba. Ta matso kusa da ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Baba, da ni ka fara nuna wa." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ina tsaye da dodon hoto a hannu kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta, sai ga mutumin Ikko. Ya karɓa ya duba, ya ce, "Alaji, gini ba ya da laifi. Kai ne ka ɗaga kai na kyamara. Fim yana baya, ko? Dole fim ya tsaya yadda bango ya tsaya. In fim ya kwanta, gini ma zai kwanta."

Na ce, "In ban ɗaga ba, ai ba ya shiga."

Ya ce, "Shi ya sa ido na ya goce. Wanda kana so ka kai wa mai agogo."

Ya kafa tasa a daidai inda na tsaya jiya, ya ɗora ɗan ma'aunin ruwa irin na magina, ya daidaita har kumfar ta zauna a tsakiya. Ya ce in leƙa. Na ga taɓo da yawa da hawa huɗu. Ya ce kada in ɗauke ido, ya fara murɗa maɓalli. Jama'a, kyamara ba ta motsa ba, idon ne kawai ke hawa sama a hankali, sai ga taɓo yana sauka yana fita, hawa na biyar ya shigo, na shida, na bakwai, har rufi da ɗan sarari a kansa. Bangaye a miƙe, sama da ƙasa faɗi ɗaya. Kamar mutum ya hau tsani alhali ƙafarsa na ƙasa. Na ɗago na dubi gini, na koma na leƙa, na yi haka sau uku, leburori na dariya.

A nan ne mutumin ya yi abin da ni, in na faɗi gaskiya, ban tabbata zan yi ba. Yana iya ɗaukar hotonsa ya kai wa oga, a ce ga gwani ga ɗan ƙauye. Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi naɗina na ƙarshe. Ya ɗura a kyamararsa, ya ce, "Yarinya ya ce babansa zai ɗauka. To babansa zai ɗauka." Muka zauna a inuwar tifa muna cin gyaɗa har la'asar, don ya ce sai rana ta koma gefe tagogi za su fito. Da lokaci ya yi na daidaita kumfa da kaina, na murɗa da kaina, na danna sau takwas.

Saura huɗu, ya ce in zo in ga ɗaya aikin idon. Muka zaga baya, inda gonar doya ta wani Bagware ta tsira daga katafila, ga duwatsu can nesa. A sanina, in ka sa na kusa ya fito, na nesa sai ya dushe, dole ka zaɓi ɗaya. Ya murɗa wani maɓallin dabam, idon ya ɗan sunkuya kamar mai gaida surukai. Na leƙa, ga ganyen doya a gaban hancina ina ƙirga jijiyoyinsa, ga tsagar dutse can ƙarshen duniya, duka tar. Na ce masa wannan ai rashin adalci ne, mu an bar mu shekara arba'in muna zaɓe.

Kafin magariba ya wanke a ɗakin duhun ofis, ya buga ɗaya babba. Alhamis da safe yana bango. Manya suka zo, suka tsaya gabansa gwargwadon shan kofin ruwa, suka gyaɗa kai, suka wuce. Oga ya ba ni hannu, ya ce da Hausarsa ta makaranta, nan gaba in na ga gini zai faɗi in fara zuwa ofishinsa kafin in je wurin mai ƙosai. Uwata ta yi dariya, karo na farko tun Laraba. Aikin gaba ma ya bar mata.

Asabar muka juyo. A Tafa ban yi ƙorafi ba, na ci na biya na tashi. Muka iso Zariya bayan azahar, maƙwabta suka shigo sannu da zuwa, aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ni kuwa na gyara zama na fara ba su darasin tafiya. Na ce abu na farko, gwamnati ta koma Abuja da gaske, na ga agogonta a hanya. Na biyu, in abu ya fito maka a karkace, kafin ka tara jama'a duba yadda kai ka tsaya. Na uku, kyamara ba ta ƙarya, amma tana faɗin abin da mai riƙe da ita ya sa ta. Har na fara yi musu bayanin yadda duk abin da ka ɗauka daga ƙasa kana ɗaga kai, gindinsa zai buɗe, kansa ya tsuke. Ina magana kamar ni na ƙirƙiro ilimin, suna ta gyaɗa kai.

Mai ɗakina ta shigo da kwanon fura, ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara har na kai aya. Sannan ta ce, "To Malam, ni da ka shekara talatin kana ɗaukata da kai kamar na allura da ƙafafu kamar turmi, in na yi magana ka ce haka Allah ya yi ni, yaushe za a sako mini tawa igiyar?"

Na ɗauki ludayi na kama shan fura.