Ledojin Baba Sale

Jiya da safe a ƙofar kamfaninmu na jimar fata a Challawa, na tarar da Baba Sale, dattijon sashenmu, yana cusa ledojinsa cikin shara yana murmushi. Su yake ɗaurawa a hannu kafin ya tsoma cikin ruwan kemikal, don safar hannunmu ta daɗe da yagewa.

Na ce, "Baba, lafiya kuke zubar da su?"

Ya ce, "Ba ka ji rediyo ba? Ƙudirin ɗan majalisarmu ya tsallake karatu na biyu. Dole kamfani ya ba mu safa da takalmi. Yau za a raba."

Na ce, "Baba, ai da saura. Sai kwamiti ya ji bakin jama'a, a yi karatu na uku, sannan gwamna ya sa hannu. Wasu ƙudirorin a kwamitin suke mutuwa."

Ya sunkuya ya ciro ledojin, ya kakkaɓe su. Sannan ya buɗe mini tafukansa, duk sun saɓule sun tsattsage.

"To, ranar jin bakin jama'ar ka kai ni. Ban iya Turanci ba, amma zan ɗora musu waɗannan a kan tebur."

Tuni 'yan aikin yamma suka yarda su riƙe mana aiki ranar. Daga Panshekara za mu tashi, kuma ƙudirin nan ba zai mutu muna kallo ba.

'Yan kamfanonin Sharada da Bompai, ku yi magana: hannu nawa za mu kai musu?