Ajin Talata na Maman Tracy

Celina Dogara ta shekara goma sha tara tana buga tafireta a ofishin wata masaƙa a Kakuri. Da masaƙar ta rufe, sai ta kama ɗan shago a Nasarawa, ta sa injin fotokwafi ɗaya da kwamfuta biyu, ta ci gaba da abin da hannunta ya saba. Duk layin Maman Tracy suke ce mata, da sunan 'yarta ta fari. Kullum daga Romi take tahowa a keke napep, kular abinci a cinya, tabarau rataye a wuya.

Yawancin masu kawo mata aiki ɗaliban jami'a ne. Ta buga musu takardu ba iyaka, har ta kai tana gyara musu Turanci ba tare da sun sani ba. Wata rana tana cikin buga aikin wata ɗaliba, sai ta ɗaga hannu ta ce a ranta, wannan fa ni ma zan iya. Da ta koma gida ta faɗa wa mijinta Nicholas, ya dube ta ya ce, "Da waɗannan shekarun?"

Ta ce, "Shekarun ai nawa ne, ba naka ba."

Tana da shekara arba'in da takwas ta shiga jami'a, karatun ƙarshen mako na ma'aikata, fannin harkokin gudanarwa.

Jingar farko da aka ba su ta ɗauke ta da muhimmanci ƙwarai. Ta aro littattafai uku, ta kwashe duk inda ya yi maganar, ta buga tsaf, babu kuskure ko ɗaya, ta sa bango mai ƙyalli. Da takardar ta dawo sai ta ga sifili. Ta nufi ofishin lakcaran, Malam Hamza, wanda a haife bai wuce ƙanenta na biyar ba.

Ya ba ta kujera ya ce, "Mama, wannan ba aikinki ba ne."

Ta ce, "Wallahi aikina ne. Da yatsun nan na buga shi, kwana uku."

Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Kin buga, amma masu littafin ne suka yi maganar. Ke me kika ce?"

Kunya ta rufe ta. A zamaninsu a sakandare a Zonkwa, wanda ya haddace abin da malami ya rubuta a allo ya mayar masa daidai, shi ne na ɗaya. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa a nan wannan laifi ne, har suna kiransa sata. Malam Hamza bai sallame ta ba sai da ya nuna mata yadda ake karanta shafi a rufe littafin a faɗi abin da aka fahimta, da yadda ake ambaton mai magana da shekara da shafi. Ta rubuta komai a bayan takardar mai sifilin. Ta sake jingar, ta samu rabin maki, ta yi murna kamar an ba ta kujerar zuwa ibada Urushalima.

Tun daga nan idonta ya buɗe. Duk dattijon da ya shigo shago da aikin jami'a, tana duba shafin farko za ta gane ciwon da ke damunsa. Sai ta cire tabarau ta ce, "Yallaɓai, kafin in buga, zauna mu ɗan yi magana." Da haka da haka aka wayi gari kowace Talata bayan la'asar mutum shida ko bakwai na zaune a shagon: wata nas, wani sajan na 'yan sanda, malaman firamare biyu, da wasu. Tana nuna musu yadda ake shiga shafin jami'a a waya a duba sakamako, da yadda mai iyali zai yanki awa ɗaya a rana ya ce wannan ta karatu ce. Tana kuma ce musu su daina jin nauyin ɗaga hannu a aji don kawai lakcara sa'an ɗansu ne. Ƙa'idarta ɗaya: za ta buga, za ta gyara, amma ba za ta rubuta wa kowa ba.

A ajin nan, wanda ya fi ba ta wahala shi ne Malam Lawal, mai walda daga Makera. Shekararsa hamsin da biyar, yana da ma'aikata tara a garejinsa, ya shiga karatun kasuwanci don ya gaji da neman wanda zai karanta masa takardun kwangila. An ba su jinga su tattauna ra'ayin wani marubuci a kan abin da ke sa ma'aikaci ya yi ƙwazo. Malam Lawal ya kawo shafi huɗu, duk na marubucin.

Ta ce, "Malam Lawal, an ce ka tattauna. Ka yarda da shi?"

Ya ce, "Haba Madam. Farfesa ne fa ya rubuta. Ni wane ne da zan ja da shi?"

"To bar littafin. A garejinka, wa ya fi kowa ƙwazo?"

Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin Usman, magidancin da ya shekara takwas a wurinsa. Ya ce ranar da ya fara barin Usman ya auna ƙofa da kansa ya yi magana kai tsaye da mai gidan da za a sa wa ƙofar, daga ranar bai sake makara ba. Ya ce akwai kuma waɗanda duk yabon duniya bai dame su ba, matuƙar ba wuta a gareji sun wuni a zaune, zuciyarsu ta mutu. Ya ce a nan kam marubucin bai san halin da muke ciki da wutar lantarki ba. Yana ta zuba, sauran suna dariya suna sa baki, bai lura ba yatsun Maman Tracy na gudu a kan kwamfuta. Da ya tsaya shan ruwa, firinta ta turo shafi biyu. Ta miƙa masa.

Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya ɗago ya ce, "Wa ya rubuta wannan? Ai mutumin ya san aiki."

Ta ce, "Kai ne. Ni Turanci kawai na mayar da shi. Ba shi za ka kai ba, ka je gida ka sake rubutawa da hannunka. Inda kuka dace da farfesan ka faɗa, ka sa shafi. Inda kuka saɓa ka faɗi dalili."

Sau uku yana dawowa da takardar, sau uku tana mayar da shi. A na huɗu ta buga. Bayan mako biyu ya faɗo shagon da kayan aiki a jikinsa, yana ɗaga takarda sama. Ya samu goma sha shida cikin ashirin, kuma lakcaran ya sa shi ya tashi ya karanta wa aji.

Ba a daɗe ba matarsa Hajiya Jummai ta zo da kanta, da kwanon masa da miyar taushe. Bayan sun gaisa ta ce, "Maman Tracy, na zo godiya, na kuma zo ƙara. Mutumin nan kin lalata mana shi. Jiya na ce masa tumatir ya yi tsada a kasuwa, wai ina hujjata, wa ya faɗa, a wace shekara."

Maman Tracy ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Hajiya, ki ce masa ke ce marubuciyar."

Ita kanta shekara biyar ta yi kafin ta karɓi digirinta. Ranar bikin yaye ɗalibai, 'yan ajin Talata suka cika bas guda suka raka ta, sajan ɗin nan shi ne mai ɗaukar hoto. Yanzu ajin ya kai mutum goma sha huɗu, shagon ba ya ɗaukarsu. Malam Lawal ya ƙera musu bencin ƙarfe biyu da rumfar kwano a bakin ƙofa, kuma in sabon ɗalibi ya zo, shi ke fara karɓar takardarsa ya duba kafin ta kai hannun Maman Tracy.