Saƙonnin Ardo Bayan an Binne Shi

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa a kai, amma wannan da zan ba ku labari ya ƙi goguwa, kuma na san da shi zan koma ga Allah. Makonni ne da wani dattijo ya yi ta aiko mini da saƙon murya a waya, alhali ni da hannuna na rubuta sanarwar rasuwarsa.

A lokacin ina aiki a sashen yaɗa labarai na wata ƙaramar hukuma. Sai wasu ƙananan hukumomi na tsakiyar Jigawa suka haɗa kai da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, da na manoma, da na mata, da na makiyaya, aka ce a buɗe shafi guda a intanet wanda kowa zai sa nasa a ciki. Kowane gari zai samu gurbi, da hotunansa, da ranar kasuwarsa, da abin da yake nomawa. Aka kuma ware wani ɓangare na filayen da ba kowa, domin masu son zuba jari a noma su gani. Da yake na ɗan iya kwamfuta, aka turo ni Dutse na riƙe shafin. Aka ba mu ɗan ofis, ni da wata hajiya mai wakiltar ƙungiyoyin mata, wadda ta girme ni sosai. Ina zaune a unguwar Limawa, kullum da safe na hau babur ɗina na tafi, ina ji kamar duniyar ce gaba ɗaya aka damƙa mini.

Wata rana a farkon damina wani dattijo ya yi sallama a ofishin. Dogo ne siriri, da sanda da malfa, rigarsa duk ta jiƙe da gumi. Ya ce shi ne Ardon wata ruga can bayan an wuce Taura, ya ji a rediyo ana sa garuruwa a wani shafi, shi ne ya zo a sa tasu. Na tambaye shi takardar rajistar ƙungiyarsu da wasiƙar dagaci, domin dokar da kwamiti ya kafa ke nan. Ya ce ba shi da ko ɗaya. Na ce to ya je ya kawo. Bai tashi ba. Ya zauna a kan benci har aka yi azahar, yana kallon allon kwamfutar daga nesa. Can ya matso ya ce, “Ɗana, wanda ya duba abin nan bai gan mu ba, zai ce babu mu ke nan?” Na yi dariya na ce, Baffa, ai ba haka abin yake ba. Ya nemi lambar wayata na ba shi, na karɓi tasa na adana, ba don ina da niyyar kira ba, sai don ya tafi na ci abinci.

Abin da ban gaya masa ba, domin ni kaina ban lura ba, shi ne tun kafin zuwansa na riga na sa yankinsu a shafin. Wata tsohuwar takarda aka kawo mini mai jerin filaye, na kwafe ta yadda take. A gaban sunan wurin na rubuta: fili mai faɗi, babu mazauna. Ban taɓa taka wurin ba.

Bayan kamar wata uku, sakataren ƙungiyar makiyayan yankin ya aiko da hoton Ardo, ya ce Allah ya yi masa rasuwa bayan jinya, a sa ta'aziyya. Na gane fuskar nan take. Na rubuta sanarwar, na ɗora hoton, na yi masa addu'a a baki, na ci gaba da aikina. Shigarsa ta farko shafin da ya zo nema ke nan.

Ranar wata Laraba, bayan an ɗauke ruwa ana girbin gero, muna ofis da tsakar rana aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, wurin ya yi tsit. Wayata ta yi ƙara, na duba sai na ga saƙon murya daga lambar Ardo. Na ɗauka wani daga iyalinsa ne zai yi godiya, sai na kunna a fili. Muryar da ta fito tasa ce. Ya yi sallama a nitse, ya tambayi aiki da iyali, sannan ya ce, “Ɗana, har yanzu ba ka zo ba. Muna nan inda muke.” Daga nan saƙon ya ƙare.

Na kalli Hajiya, ita ma ni take kallo. Ta ce na sake kunnawa, na kasa, sai ita ta miƙa hannu ta danna. A karo na biyu muka ji wani abin da ya ƙara sanyaya mini jiki: a bayan muryar ruwan sama ne ke zuba sosai, ga shi kuwa mun yi makonni ba mu ga ko hadari ba. Da ina cikin hayyacina, wannan kaɗai ya isa ya nuna mini cewa tsohon ɗauka ne. Amma tsoro ba ya barin mutum ya yi tunani. Na kira lambar, aka ce a kashe take. Na kira har la'asar, amsar ɗaya ce.

Larabar da ta biyo baya wani saƙon ya sake shigowa, kusan a daidai lokacin. Wannan karon muryar ta yi rauni, yana yi yana tari. Ya ce akwai wata tsamiya a gabashin rugar, a ƙarƙashinta aka binne mahaifinsa da kakansa. Ya faɗi rijiyar da suka haƙa, da burtalin da shanunsu ke bi zuwa mashaya, kamar mai karanta wa wani wasiyya. Laraba ta uku kuma gidaje ya yi ta lissafowa, wane ɗan wane, da matansa da 'ya'yansa, har numfashinsa ya gaza.

Ni musulmi ne, na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Na sha faɗa wa kaina haka. Amma daga Talata da yamma nake fara zullumin wayewar Laraba. Idan waya ta yi ƙara ina kan babur, sai na tsaya a gefen titi na duba. Matata ta tambaye ni ko wani abu ne ya faru a ofis, na ce gajiya ce. Na kira sakataren makiyayan nan na sake tambaya ko tabbas Ardo ya rasu, ya ce shi da kansa yana sahun gaba a sallar jana'izar. Ban iya gaya masa dalilin tambayar ba.

Hajiya ce ta gano abin da na kasa gani. Ta ce tunda mutumin nan wuri yake kwatantawa, mu duba wurin a shafinmu. Muka buɗe, sai ga rubutuna: babu mazauna. A ƙasansa kuma ga sanarwar da ni ɗin dai na ɗora kwanaki kaɗan kafin nan, cewa wasu masu neman filin babbar gona sun ga wurin a shafin, za a kai su su duba a mako mai zuwa. Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Hajiya ta ce, “Ko wane ne ke aiko saƙon nan, gaskiya yake faɗa. Ka tashi ka je.”

Na yanke zan tafi ranar Asabar. Da safiyar Juma'a, ina ɗaure takalmi a ƙofar gida, saƙo na huɗu ya shigo. Ba Laraba ba ce, kuma babu tari, babu ruwan sama. Muryar tas take, kamar ranar da ya zauna a bencinmu. Cewa ya yi idan zan zo kada na bi ta kwalbati, ya karye, na zaga ta bayan gonakin riɗi.

Asabar na shiga mota, na sauka a wani ƙauye da ke bakin titi, na ɗauki hayar babur. Ban yi wa mai babur ɗin maganar kwalbatin ba. Da muka kai mararraba sai ya karkata hagu da kansa, ya ce sai dai mu zaga, domin shekaranjiya wata motar ɗaukar riɗi ta karya kwalbatin. Na riƙe ƙarfen bayan babur ɗin da hannu biyu, ina ta salati a zuci har muka isa.

Hantsi ya yi da muka shiga rugar. Maza sun fita da shanu, sai maruƙa a ɗaure da kaji suna tono. Abin da na fara gani ita ce tsamiyar, a gabas kamar yadda aka ce, da kaburbura a ƙarƙashinta, ɗaya ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba. Na tsaya na yi addu'a. Ina shafawa na ji motsi a bayana. Wata tsohuwa ce tsaye da ƙwarya a hannu, doguwa, fuskarta sak ta Ardo. Ba ta tambaye ni ko wane ne ni ba. Ta ce, “Kai ne na Dutse. Ka daɗe.”

Ƙanwarsa ce. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura, sannan ta shiga bukka ta fito da wata tsohuwar waya a naɗe cikin tsumma. Ta ce da ciwo ya kwantar da yayanta a tsakiyar damina, ya san ba zai sake zuwa Dutse ba. Sai ya riƙa ɗaukar muryarsa a wayar yana ajiyewa. Ya yi mata wasiyya cewa idan ya rasu ta jira a yi girbi, sannan duk ranar Laraba da za ta kai nono kasuwa ta ba mai cajin waya ya tura mini guda ɗaya, ta kashe wayar ta dawo da ita. Rugar ba sabis, shi ya sa ban taɓa samun lambar ba. Ina jin haka na ɗan yi dariyar kunya.

Ta ce saura ɗaya, wanda ya ce kada a tura, sai na zo da ƙafata a kunna mini. Ta miƙo mini wayar na kunna. Muryar ta kusa ƙarewa, sai da na kara a kunne.

“Ɗana, in kana jin wannan, ka zo ke nan. Ka yafe mini, na san na tsorata ka. Na zo ina da rai ba ka ji ni ba, shi ne na ce ƙila in na mutu ka ji. Ka duba da idonka, ka rubuta abin da ka gani.”

Na sauke wayar daga kunnena. Sannan na ce Goggo, Allah ya saka da alheri da saƙon jiya, da ba don shi ba da mun sha wahala a kwalbati. Ta dube ni ta ce wane saƙo. Ta ce jiya Juma'a ko ƙofar ruga ba ta fita ba, wayar tana cikin tsummanta tun Laraba. Huɗu ya bari, an tura uku, ga na huɗun na ji yanzu. Na bincika wayar kaf a gabanta, huɗun ne kawai, babu mai maganar kwalbati. Na ciro tawa na kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce muryarsa ce, ta tashi ta kwashe ƙwaryar furar. Daga baya na je wurin mai cajin, ya rantse bai taɓa wayar ba sai ranakun Laraba. Na tambayi waɗanda suka fi ni sanin waya, kowa da abin da ya faɗa, babu wanda ya gamsar da ni. Na bar wa Allah saninsa.

Ranar na yini ina ɗaukar hoto. Rijiya, burtali, bukkoki, mazan da suka dawo da shanu da la'asar, duk wanda ya yarda sai da na ɗauka. Litinin na tsaya gaban kwamiti, wakilan ƙananan hukumomi a gefe guda, na ƙungiyoyi a ɗaya gefen, na ce ni na rubuta babu mazauna, kuma ƙarya na rubuta. Na nuna hotunan. An yi mini faɗa, na kuma cancanta. Aka dakatar da ziyarar masu gonar, aka cire wurin daga jerin filaye, rugar ta samu gurbinta. Hajiya ta kawo shawarar cewa daga ranar kada a sake ɗora wani wuri a shafin sai wakilin hukuma da na ƙungiya sun je tare sun gani, aka amince. Da aka bi sauran jerin, sai da aka samu wasu wuraren irin nasu.

Yanzu na bar wannan aikin, gashina ya fara fari. Abin da na koya shi ne rubutun da mutum zai yi a zaune cikin inuwa yana iya tayar da mutanen da bai taɓa gani ba daga ƙasar iyayensu, don haka kada ka shaidi abin da idonka bai gani ba. Kuma duk wanda ya zo gabanka da buƙata, ka saurare shi tun yana da rai. Ba kowa ne zai samu hanyar sake yi maka magana ba.