Fensiran Baba Goma Sha Ɗaya

Babana akawu ne a ofishin reluwe na Kafanchan, ba ya shan burkutu, ba ya caca. Jarabarsa ɗaya ce, tara fensiran ƙarfe, irin waɗanda ake murɗa gindinsu ko a latsa, ɗan siririn tsinken rubutu ya leƙo. Goma sha ɗaya ya tara a gwangwanin biskit. Wasu Turawan reluwe suka bar masa da za su tafi gida, ɗaya kuma mai ruwan azurfa wata baturiyar mishan ta Kagoro ta ba shi. Kowace Lahadi bayan sujada sai ya shimfiɗa su a tebur yana gogewa, ni kuma ina zuba musu tsinke.

"Ke kaɗai kika san hannunsu," in ji shi. "Naki ne, kada ki bari a raba su."

Amma bai rubuta ba. Mutum mai fensir goma sha ɗaya!

Ya rasu ina kwalejin horon malamai. Bayan kwana bakwai dangi suka zauna rabon kayansa a tsakar gida. A wurinmu mace ba ta zama a wannan taro, balle ta buɗe baki. Ina ƙofar kicin, sai ƙanen Baba ya buɗe gwangwanin yana miƙa wa maza ɗai-ɗai kamar gyaɗa.

Na ce, "Baba ƙarami, ni ya bar wa."

"Ya bar miki? Ina takarda? Gobe ki kai su gidan miji?"

Aka yi dariya. Har yau ban yafe wannan dariyar ba, fasto ya yi ta wa'azinsa.

Mai azurfar shi Baba ƙarami ya riƙe wa kansa. Da na je gaishe shi ƙauye lokacin Kirsimeti, sai ya ciro shi daga aljihu. Tsinken ciki ya ƙare, shi kuwa ya sa wuƙa zai feƙe shi kamar na katako. Ya kankare azurfar, ya lanƙwasa bakin, ya gaji.

"Ungo kayan ubanki. Ashe ma ba ya rubutu."

Na karɓa da hannu biyu, na ce na gode, don haka aka koya mini. Kwalin tsinkayen yana jakata tun ranar jana'iza. A motar komawa Kafanchan na gwada zura ɗaya, na sake gwadawa. Bai shiga ba.