Robobi Ukun Marka Mai Alabo

In ka shiga kasuwar Warra ka nemi alabo mai fari tas, wanda babu tsami babu tsakuwa, kowa zai nuna maka Marka. Bakambara ce, daga kan tudu aure ya sauko da ita tungarmu a bakin ruwan Kainji. Mijin ya rasu da daɗewa, rogon nan ne ya rene mata 'ya'ya huɗu. Ba ta taɓa zama a aji ba. Gajeriya ce, ga taurin kai, wallahi in ta kafe a kan abu sai dai ka haƙura. Ni Hammadu maƙwabcinta ne, manomin shinkafa, kuma ba na jin daɗin rawar da na taka a labarin nan.

Muna da wani tafki da ruwa ke bari idan ya janye da rani. A nan tunga ke yin su sau ɗaya a shekara, kowane gida ya samu kifin miya. A gefensa Marka ke jiƙa buhunan rogonta, shekara ashirin da wani abu.

Shekarar da nake magana, kifi ya fara tasowa ciki sama. Karfasa ce birjik a bakin tafki, ga wari. Nan take aka ce rogon Marka ne, tunda kowa ya san ruwan rogo na da ɗaci. Wa ya fi kowa ɗaga murya? Ni mana! Sarkin Ruwa Saminu ya kira ta ya ce ta kwashe buhunanta, kada ta sake jiƙa komai a ruwan tunga. Ga mai alabo, wannan rufe mata sana'a ne.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara ashirin ina jiƙo kifi bai mutu ba. Mi ya sake bana? A ba ni kwana bakwai in gwada. In rogona ne, ni da kaina zan kwashe."

Muka yi dariya, amma ya ba ta.

Kwana biyu tana zaune ƙarƙashin giginya tana kallon tafki, tana lura da duk mai zuwa da abin da ya kawo. Ta ga masu wanki da masu shayar da shanu. Ta gan ni kuma, na dawo daga fesa wa shinkafa maganin ƙwari, na tsoma famfon feshina na ɗauraye shi sau uku, kamar yadda duk manoman wajen ke yi. A shekarar ne muka fara noman rani a wannan gefen. Ta miƙo mini galan ta ce, "Malam Hammadu, zuba mini ruwan ɗaurayar nan." Raina ya ɓaci. Na zuba mata don kada a ce ina tsoro.

Washegari da hantsi ta jera robobi uku iri ɗaya a inuwar ƙofar gidanta. Ta cika su da ruwan babban gulbi, wanda ba a zargi. A kowace ta saka ƙananan karfasa goma masu rai, girmansu ɗaya, da ta roƙo wajen masunta. Ta farko ta zuba mata kofin ruwan rogo, ta biyu kofin ruwan ɗaurayata. Ta ukun ba ta zuba mata komai ba.

Na ce, "To wannan fa, ta ado ce?"

Ta ce, "In kifinta ya mutu shi ma, to roba ce ke kashe su, ko zafi, ba ni ba, ba kai ba. Innata haka take gwada irin dawa, kunya biyu gefe da gefe, abu ɗaya kaɗai take sakewa."

Kafin azahar kifin robata duk sun juya ciki. Na daka tsalle na ce ƙarya ne, rana ta fi dukan wannan gefen. Ba ta yi musu ba. Ta wanke robobin, ta sauya musu wuri, ta samo sabon kifi, ta ce in zuba da hannuna. Na zuba. Suka sake mutuwa, goma cif. Kai, ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na shige gida ban ko ci tuwo ba.

Ni da a wurinta nake, a nan zan tsaya in tafi in yi ta shela. Ita kuwa ta bar sauran robobin biyu har kwana uku tana leƙawa. Kifin roba ta uku suna nan garau. A robar rogo kuwa uku suka mutu, sauran suna ta haki a saman ruwa. Babu wanda ya ga wannan sai ita.

Rana ta bakwai tunga ta taru a ƙofar Sarkin Ruwa. Ta faɗi abin da ruwan ɗauraya ya yi, ba ta ambaci sunan kowa ba. Na miƙe na ce famfona ne, kuma ba ni kaɗai ke ɗauraya a can ba. Sarkin Ruwa ya hana wanke famfo a tafki, sannan ya juya wurinta ya ce, "Marka, mun zalunce ki. Ki mayar da buhunanki."

Mata har sun fara guɗa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da su.

"Ranka ya daɗe, ban gama ba. Nawa ma yana kisa, a hankali dai yake yi. Uku cikin goma. Ba zan mayar ba."

Na ce, "Haba Yaya Marka, wa ya tambaye ki?"

Ta ce, "Ni na tambaya, kuma na ga amsa."

Yau a cikin durom take jiƙa rogonta, can bayan gida, ta zubar da ruwan a rami nesa da tafki. Matar nan ta haura hamsin, kuma kullum sai ta yi sawu tara zuwa gulbi da tulu a ka kafin durom ɗin ya cika.