Dattijuwa Mai Jar Mota

Ina sauri in ɗauko 'yata daga makaranta, na haye tudun rage gudu kamar an biyo ni. Salansar motata ta faɗi, ta bar ni gefen titi ina sosa ƙeya.

Sai ga jar motar da na wuce ɗazu da hon, irin masu shafar ƙasa da aka ƙera don tsere. Dattijuwa ce ke tuƙi, tabarau a kan hanci, hannu biyu a sitiyari. Tana karkata motar, tana hawa tudun taya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗauke da ƙwai. Injin na gurnani, ita ko a jikinta. Ina jin motar ɗanta da ke nesa ce, ta yi alkawarin zai tarar da ita lafiya.

Bakina ya ƙi shiru. "Mama, zaki ne fa kike kiwo kamar tunkiya!"

Ta sauke gilas, ta dubi salansata.

"Ɗana, kai da ka saki naka, ga jelarsa can a titi. Ɗauko ka shigo in kai ka. A hankali."