Addu'ar Rufe Taro Ta Raba Ni Da Jam'iyyata

Edita, a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ni manomi ne a Kutama ta ƙasar Gwarzo. Na sauke Alƙur'ani, bokona kuwa bai wuce firamare ba. Rayuwa ta yi tsada, kowa da dalilinsa na shiga jam'iyya. Wani don taki, wani don a samar wa ɗansa aiki, wani don in an yi masa rasuwa ya ga jama'a a ƙofar gidansa. Ni ba ko ɗaya. Na shiga ne saboda a taron mazaɓa ni ake kira in buɗe da addu'a, dattawa su ɗaga hannu su ce amin. Ina da tsarina da ba na saɓawa: na farko iyayenmu da suka riga mu, na biyu marasa lafiyar gari kowa da sunansa, na uku damina, shugabanni su zo a ƙarshe.

Ana nan sai ɗan ƙanin mahaifina ya dawo daga karatu a birni ya shiga jam'iyyarmu. Ni na koya masa alwala da hannuna. Wata rana bayan La'asar shugaban mazaɓa ya sanar cewa daga yau shi zai riƙa buɗe taro, ni in rufe. Bai faɗi dalili ba, ni ma girman kai ya hana ni tambaya. Ƙanin nawa ya miƙe ya zuba Larabci ba gargada, ina zaune ina jin kowace amin kamar tawa ce aka ƙwace aka ba shi. Da aka zo tashi, taubashina, wani manomi mai bakin tsiya, ya ɗaga murya ya ce wai an mayar da Malam mai kulle ƙofa, in hanzarta kafin a gama neman takalma. Aka yi dariya. Na yi addu'ar a gajarce, ban ambaci marar lafiya ko ɗaya ba.

Daga nan abin ya tafi daki-daki. Da farko na daina amsa gaisuwar ƙanin nawa da kyau. Sannan na fara faɗa a majalisa cewa Larabcinsa nuna isa ne. Ya zo har zaurena ya tsuguna, ya kira ni Yaya, ya ce in dai buɗe taro ne ya bar mini. Na ce masa ba na karɓar sadakar abin da yake nawa. Daga ƙarshe na bi wata jam'iyya zuwa gangaminta a Kabo, aka sa mini hula, aka ɗaga hannuna, aka faɗa a lasifika cewa babban malami ya sauya sheƙa. Na ji daɗi don na san labarin zai isa kunnensa. Amma suna da malaminsu, kuma tun daga ranar ko Fatiha ba wanda ya ce in ja.

Da kaka taubashin nan nawa ya kwanta ciwo, na je dubiya. Yana kwance ya ce mini ni dai ban taɓa iya wasa ba. Ya ce shi da masu gonakin nesa ne suka roƙi shugaba a mayar da addu'ata ƙarshe, domin kullum sai an buɗe suke isowa, ba sa samun inda nake kiran sunayen marasa lafiyarsu. Sannan ya tambaye ni, yanzu da shi ne a kwance, wa zai kira nasa sunan a taro.

Kunya ta hana ni komawa. Ba zan ɓoye ba, har yau in na ji ana amsa wa ƙanina amin sai ƙirjina ya yi zafi, ina istigfari. Abin da na gane shi ne, a jam'iyya ba hula ko lasifika nake nema ba, mutanen da suka san amfanina nake nema, kuma ina da su na bar su. Ina gargaɗin duk wanda aka sauya wa wuri a cikin jama'arsa: kafin ka yi fushi, kafin ka tafi, ka buɗe baki ka tambayi dalili. Ni ban tambaya ba, taubashina kuwa ya rasu ba a kira sunansa ba.